Unguwar Kilomita Biyar ta Birnin Bangui: Tarihinta a Cikin Littattafai da Hotuna

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibin Hausa wuraren da Hausawa suka yi zango a wajen ƙasarsu, yawanci yakan fara da Kumasi da Salaga, ya gangaro Sabo ta Ibadan, in ya yi nisa ya ambaci Sudan da Makka. Da wuya ya waiwayi kudu maso gabas, inda hanyar Adamawa ta zarce ta Ngaundare har ta dangana da bakin kogin Ubangi. A can ne birnin Bangui yake, hedikwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a cikinsa akwai unguwar da ake kira Kilomita Biyar, wadda ita ce babbar kasuwar birnin kuma matattarar Musulminsa. Akasarin waɗanda suka san sunan wannan unguwa a ƙasar Hausa sun ji shi ne a rediyo tsakanin 2013 da 2015, a daidai lokacin da ake ƙidayar gawawwaki.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa ɗalibi abin da ya kamata ya karanta, da abin da ya kamata ya kalla, idan yana son ya san unguwar fiye da abin da labaran ƙarfe shida suka gaya masa. Rahotannin rikici suna da yawa, kuma wasunsu an yi su da gaskiya, sai dai kusan dukkansu suna nuna unguwar ne a ranar gobara kawai. Rayuwar yau da kullum ta mutanen Bangui, da dalilin da ya sa aka wayi gari maƙwabci ya ɗauki adda, a wasu wuraren aka adana su: a cikin 'yan littattafan tarihi, da ƙagaggun labarai na marubutan ƙasar, da kuma aikin wani mai ɗaukar hoto wanda ya iso birnin daga Nijeriya yana yaro ɗan shekara goma.

2.0 Unguwar da Mutanenta

Faransawa ne suka kafa Bangui a 1889, a matsayin sansani a gindin duwatsun da ke tare jiragen ruwa a kogin Ubangi. A tsallaken kogin, cikin ƙasar Kwango, akwai gari mai suna Zongo. Ɗalibin harshe zai ji daɗin wannan suna, amma ya yi hattara, domin kamannin lafazi kaɗai bai isa hujjar cewa kalma ta fito daga Hausa ba. Kamar yadda aka saba a biranen mulkin mallaka, Turawa suka riƙe bakin ruwa da tsakiyar gari, unguwannin baƙar fata kuma suka tashi daga nesa. A tsarin Faransawa ana auna nisan wuri ne daga tsakiyar gari, a kira shi da lambar kilomitarsa. Daga nan aka sami sunan PK5, wanda haruffansa biyu gajarta ce ta kalmomin Faransanci masu nufin alamar kilomita. Ke nan sunan unguwar kansa ba sunan mutum ba ne, ba na ƙabila ba, awon tazararta ne daga inda Bature yake zaune.

Musulmi sun shigo wannan ƙasa ta hanyoyi fiye da ɗaya, kuma rarrabe hanyoyin yana da muhimmanci. Ta yamma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Fulanin Ngaundare sun faɗaɗa ikonsu zuwa ƙasar Gbaya, fatake Hausawa da Barebari kuma suka bi sawunsu suna cinikin hauren giwa da goro da tufafi, da bayi ma, ba abin ɓoyewa ba ne. Ta arewa kuwa akwai tasirin Wadai da Bagirmi, sannan daular Dar al-Kuti. A 1890 Rabeh, wanda daga baya ya ci Borno ya zauna a Dikwa, shi ya ɗora Muhammad al-Sanusi a kan wannan daula. Al-Sanusi ya mai da garin Ndele cibiyarsa, ya yi shekaru yana kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Banda da maƙwabtanta, har Faransawa suka kashe shi a 1911. Bayan waɗannan sai zamanin mulkin mallaka ya kawo nasa: sojoji da ma'aikata daga Senegal, 'yan kasuwa daga Cadi da Kamaru da Nijeriya, da Fulani Mbororo waɗanda suka fara shigowa da shanunsu a shekarun 1920. Zuriyar waɗannan duka sun haɗu a Kilomita Biyar, suka riƙe sarin kaya da sufuri da fawa, har ta kai yawancin kayan da suka taso daga tashar Duwala suna sauka a hannunsu kafin su bazu cikin gari.

Wanda ya karanta littafin Mahdi Adamu na 1978 a kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ko na Abner Cohen na 1969 a kan Sabo ta Ibadan, ko na Enid Schildkrout na 1978 a kan zangon Kumasi, zai gane fasalin nan take: baƙi masu addini ɗaya da amana ɗaya ta ciniki, suna zaune a gefen gari, ana buƙatarsu kuma ana zarginsu. Bambancin Bangui shi ne tabon kamun bayi bai tsufa ba, domin al-Sanusi ya mutu ne a zamanin da kakannin mutanen yanzu suke raye. Saboda haka littafin da ya kamata a fara da shi shi ne na Dennis Cordell, Dar al-Kuti and the Last Years of the Trans-Saharan Slave Trade, wanda ya fito a 1985. Karatunsa ba zai yi wa Musulmi daɗi ba, amma wanda ya tsallake shi ba zai fahimci sauran ba. Daga nan sai a koma ga Making Sense of the Central African Republic, wanda Tatiana Carayannis da Louisa Lombard suka tace a 2015. A cikinsa akwai babi guda sukutum a kan PK5, wanda Faouzi Kilembe, ɗan ƙasar, ya rubuta. Littafin Lombard na 2016, State of Rebellion, shi kuma ya yi bayanin yadda gwamnatin da ba ta taɓa kai wa ƙauyukanta ba ta bar kowa yana neman mai kare shi.

Akwai wani al'amari da masu nazarin ƙasar suka sha nanatawa, wanda ya kamata ɗalibi ya riƙe domin zai sake tasowa a gaba. Taken da Barthélemy Boganda, jagoran neman 'yanci wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, ya bar wa ƙasar shi ne “Zo kwe zo”, wato kowane mutum mutum ne, kuma yana nan rubuce a tambarin ƙasa. Amma a ofisoshin ba da takardun shaidar zama ɗan ƙasa, wanda sunansa Musa ko Abubakar yakan sha tambayoyin da ba a yi wa waninsa, ko da kuwa a Bangui aka binne cibiyar kakansa. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Matsalar Kilomita Biyar ita ce an ci gaba da lissafa mutane a cikin raɓa bayan sun yi shekara ɗari suna tsiro a wurin.

3.0 Ƙagaggun Labarai

Adabin zamani na wannan ƙasa da Faransanci aka rubuta mafi yawansa, duk da cewa Sango shi ne harshen da kusan kowa yake ji, kuma tun 1991 yake harshen hukuma tare da Faransanci. A nan ɗaliban Maraɗi da Damagaram da Yamai sun yi wa takwarorinsu na Kano da Zariya fintinkau, domin su za su iya shiga littattafan kai tsaye. Shi kansa Sango abin nazari ne: ya samo asali daga harshen Ngbandi na mutanen bakin kogi, ya yaɗu ta bakin masu kwalekwale da sojoji da leburorin mulkin mallaka, kamar yadda William Samarin ya yi shekaru yana bayani. Wanda ya san tarihin Barikanci a barikokin sojan Nijeriya yana da abin kwatance, sai dai Barikanci ya tsaya a bariki, Sango kuwa ya zama harshen uwa ga yaran Bangui.

Littafin da aka fi sani shi ne Batouala na René Maran, wanda ya ci kyautar Goncourt a 1921, karo na farko da baƙar fata ya ci ta. Maran ba ɗan ƙasar ba ne, asalinsa daga yankunan Faransa na Karibiyan yake, kuma ma'aikacin mulkin mallaka ne a Ubangi-Shari, sunan ƙasar a lokacin. Labarin na wani sarkin Banda ne, amma abin da ya tayar da ƙura a Paris shi ne gabatarwar littafin, inda marubucin ya fallasa zaluncin da ake yi wa mutane wajen tara roba da haraji. Hakan ya jawo masa baƙin jini har ya bar aikin. Akwai fassararsa ta Ingilishi a jerin littattafan Afirka na kamfanin Heinemann. A yau wasu sassan littafin sukan yi wa mai karatu kama da kallon baƙo, kuma haka ne, baƙon ne ya rubuta. Duk da haka a karanta shi, ko don a ga cewa ba daga arewa kaɗai aka cuci mutanen nan ba.

Wanda ya fi dacewa da ɗalibin Hausa shi ne Étienne Goyémidé, malamin makaranta wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar ilmi, ya rasu a 1997. Littafinsa na 1985, Le dernier survivant de la caravane, wato wanda ya rage shi kaɗai daga ayari, yana ba da labarin wani ƙauye da mahara daga arewa suka afka wa, suka ɗaure mutanensa suka nufi hanya da su. An tsara shi a bakin dattijo mai ba da labari, da tatsuniyoyi da waƙoƙi a tsakani, salon da duk wanda ya tashi da gatanan gatananku zai gane. Abin da ya sa aka ce ya fi dacewa shi ne ɗalibin Hausa ya riga ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Littattafan biyu ayari ɗaya suke bi, kowanne daga inda ya tsaya. A Shaihu Umar yaron da aka sace ya ƙare a matsayin malami, bauta kuma ta zo a matsayin ƙaddarar da ta faɗa wa mutum a cikin duniyar da ya sani, mai masallaci da alƙali. A wajen Goyémidé kuwa masu rawani su ne bala'in da ya sauko daga wata duniya, babu wani abu da ya haɗa su da waɗanda suka kama. Idan aka ajiye littattafan kusa da juna za a ga yadda abu ɗaya ya bar tunani iri biyu, kuma za a fahimci abin da wasu mutanen kudancin ƙasar suka gani, ko suka ɗauka sun gani, ranar da mayaƙa daga arewa suka shigo Bangui a 2013. Wannan ba uzuri ba ne ga abin da aka yi wa 'yan kasuwar da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Bayani ne na inda tsoron ya samo abincinsa. Ɗayan littafinsa, Le silence de la forêt na 1984, a kan wani sufeton makarantu ne da ya bar aikinsa ya koma zama da mutanen daji 'yan Aka, kuma an mai da shi fim a 2003.

Daga ɓangaren mata akwai Adrienne Yabouza, wadda ta yi shekaru tana sana'ar gyaran gashi a Bangui kafin rikici ya kore ta. Littafinta Co-épouses et co-veuves na 2015, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 2021, labarin kishiyoyi biyu ne da mijinsu ya mutu ba zato, dangin miji suka taso za su ƙwace gida da dukiya, su kuma suka haɗa kai. Gajere ne, da ban dariya, kuma ya fi kowane rahoto nuna yadda ake zama a tsakar gida a Bangui. Mai nazarin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zai sami abin kwatantawa a nan, musamman ta fuskar abin da ke faruwa da mace idan inuwar miji ta gushe. Sai kuma Didier Kassaï, mai ba da labari cikin zane, wanda littafinsa Tempête sur Bangui, wato guguwa a kan Bangui, ya fara fitowa a 2015. Abin da ya gani da idonsa a 2013 ya zana, shingayen hanya da wawashe shaguna da gudun tsira, kuma ko mai ƙaramin Faransanci zai iya bin sa.

4.0 Samuel Fosso da Shagon Hotonsa

An haifi Samuel Fosso a 1962 a garin Kumba na Kamaru, mahaifiyarsa kuwa Ibo ce daga yankin Afikpo a gabashin Nijeriya. Yana jariri ya sami shanyewar gaɓoɓi, aka kai shi gida wurin kakansa, wanda basarake ne kuma mai maganin gargajiya, ya yi masa magani har ya miƙe. Shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa saboda wannan lalura ba a ɗauke shi hoto yana jariri ba, kamar yadda ake yi wa sauran yara. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya same shi a can, ya yi gudun hijira a daji tare da kakanninsa, ya kuma rasa mahaifiyarsa tun yana ƙarami. A 1972 wani kawunsa mai sana'ar takalma ya ɗauko shi zuwa Bangui. Bayan ya koyi aiki na 'yan watanni a wurin wani mai hoto, sai ya buɗe nasa shagon a watan Satumba na 1975, yana da shekara 13, ya sa masa suna Studio Photo Nationale. Daga baya shagon ya sauya suna sau da yawa.

Ya kamata mai karatu na yau, wanda ya saba da hoton wayar hannu, ya tuna yadda aikin yake a lokacin. Fim ɗin da ake sa wa kyamara yana da adadin hotunan da zai ɗauka, kuma ba a wanke shi sai ya cika. Mai shago da ya yi wa mutane alkawarin hotonsu gobe, in dare ya yi da sauran gurbi biyu ko uku a jikin fim, ko dai ya yi asararsu ko ya nemi abin ɗauka. Fosso sai ya riƙa rufe ƙofa, ya tsaya gaban labulen da abokan cinikinsa suka tsaya da rana, ya ɗauki kansa. Wasu hotunan yakan aika wa kakarsa a Nijeriya don ta ga yana nan lafiya. Ga shi nan da wando mai faɗin ƙafa, da takalmi mai tudun dunduniya, da baƙin tabarau, yana kwaikwayon mawaƙan zamanin irin su Prince Nico Mbarga. Wannan kuwa a zamanin Jean-Bédel Bokassa ne, wanda ya ƙwaci mulki a farkon 1966, ya naɗa kansa sarkin sarakuna a watan Disamba na 1977, kuma masu rubutu a kan Fosso sun sha ambata cewa gwamnatinsa ta hana irin wannan shiga. Ke nan abin da aka hana a titi, yaron yana yin sa a bayan ƙofa, ba tare da ya yi tunanin wani zai kira shi fasaha ba.

Kusan shekara ashirin hotunan suna ajiye. A 1993 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Bernard Descamps, ya zo Bangui yana neman ayyukan da za a nuna a taron masu hoto na Afirka karo na farko, wanda aka yi a Bamako a 1994. A can aka ga aikin Fosso tare da na Seydou Keïta da Malick Sidibé, dattawan Mali biyu waɗanda su ma masu shagon hoto ne na unguwa kafin duniya ta san su, kuma ya dawo da kyauta. A 1996 aikinsa ya shiga baje kolin In/sight a gidan tarihi na Guggenheim da ke New York, wanda Okwui Enwezor, ɗan Nijeriya, yana cikin waɗanda suka shirya. Kundin wannan baje koli, da babban kundin hotunan Afirka da mujallar Revue Noire ta buga a Paris a 1998, su ne ƙofar shiga ga duk mai son sanin tarihin hoto a nahiyar.

Daga nan aikinsa ya sauya. A 1997 kantin Tati na Paris ya gayyace shi, ya yi jerin hotuna masu launi inda ya fito a kamanni daban-daban. Mafi shahara shi ne wanda ya fito a matsayin basaraken da ya sayar da Afirka ga 'yan mulkin mallaka, yana zaune a kujera da fatar damisa da sarƙoƙin zinariya, riƙe da furanni, hoton da ba ya buƙatar a ambaci sunan Mobutu ko Bokassa. A 2000 ya yi jerin da ya kira Mémoire d'un ami, wato tunawa da aboki, saboda wani abokinsa ɗan Senegal da masu ɗamara suka kashe a Bangui a 1997, lokacin boren sojoji na zamanin Shugaba Ange-Félix Patassé. Hotunan na mutum ne shi kaɗai a ɗaki, tsirara, yana ɓuya. Waɗannan su ne mafi kusa da batun wannan takarda, domin sun nuna cewa tsoron da baƙo yake kwana da shi a birnin ya girmi 2013 da shekaru. A 2008 ya fitar da African Spirits, hotuna 14 inda ya shiga siffar mutane irin su Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Haile Selassie da Nelson Mandela da Angela Davis da Malcolm X da Muhammad Ali, yana bin sanannun hotunansu dalla-dalla. Wannan jeri shi aka fi yabo a Turai da Amurka. Amma ana iya cewa hotunan yaron 1970 da ɗoriya sun fi shi rai, domin a cikinsu babu wanda yake ƙoƙarin burgewa sai kansa da tsohuwar da ke jiran wasiƙa a ƙauye.

Littafin da ya tattara aikinsa shi ne Autoportrait, wanda kamfanin Steidl ya buga a 2020 bisa tsarin Enwezor, wanda ya rasu a 2019 kafin fitowarsa. Yana da tsada, kuma abin ɗakin karatu ne ba na aljihun ɗalibi ba, amma yawancin hotunan ana samun su a shafukan intanet na gidajen tarihin da suka mallake su.

5.0 Daga 2013 Zuwa Abin da Ya Biyo Baya

Ranar 24 ga Maris, 2013, gamayyar 'yan tawaye ta Seleka, kalmar da ke nufin ƙawance a Sango, ta kama Bangui, Michel Djotodia ya zama shugaba. Akasarin mayaƙan Musulmi ne daga arewa maso gabas, da wasu daga Cadi da Sudan, kuma sun yi watanni suna kisa da ƙwace. Ranar 5 ga Disamba ƙungiyoyin da ake kira anti-balaka suka kai wa birnin hari. Ana fassara sunan da maganin adda, wasu kuma suna danganta shi da layun da ake cewa suna hana harsashin bindiga shiga. Bayan Djotodia ya sauka a watan Janairu na 2014, fushin ya koma kan duk wani Musulmi. Aka rushe masallatai, aka ƙone gidaje, manyan motoci suka riƙa kwasar mutane zuwa Cadi da Kamaru. Nijeriya ma ta aika jirage ta kwaso 'yan ƙasarta, cikinsu har da waɗanda a Bangui aka haife su. Kungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta cewa daga Musulmi fiye da 100,000 da ke birnin, kimanin 15,000 ne suka rage a 2015, a killace cikin Kilomita Biyar, fita daga cikinta kuwa sayar da rai ne. Kasuwannin gari suka ji a jikinsu, domin masu kawo shanu da masu sari sun tafi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2015, Fafaroma Francis ya shiga unguwar, ya ziyarci babban masallacinta da ke Koudoukou. Sai dai ƙungiyoyin da suka tashi da sunan kare unguwar sun rikiɗe sun koma masu karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa, har a watan Disamba na 2019 'yan kasuwar da kansu suka yi musu bore. Hotunan wannan zamani suna cikin littafin Marcus Bleasdale na 2015, The Unravelling. Ba a kallonsa a zama ɗaya.

Gidan Fosso yana unguwar Miskine, maƙwabciyar Kilomita Biyar, sunan da kunnen Bahaushe zai ji kamar miskini. Unguwa ce da Musulmi da Kirista suka zauna a cakuɗe, saboda haka tana cikin waɗanda aka fi ragargazawa. A farkon watan Fabrairu na 2014 shi yana Paris, iyalinsa suna Nijeriya, sai 'yan wawa suka fasa gidan. Jérôme Delay, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP, yana wucewa ya ga hotuna da fina-finan hoto a warwatse cikin ƙura, ya duba ya gane na wane ne. Shi da Bleasdale da Peter Bouckaert na ƙungiyar Human Rights Watch suka tattara abin da za su iya a cikin buhuna, alhali ana ci gaba da cire kwanon rufi da ƙofofi. Masu wawar ba su ga amfanin fim ba, shi ya sa suka zubar. Daga baya aka kai kayan Paris.

Abin lura shi ne mafi yawan abin da aka tsinto ba sanannun hotunan Fosso ba ne, waɗannan suna da kwafi a waje. Dubban nagatif ne, wato baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, na abokan cinikinsa na shekara da shekaru: masu neman hoton katin shaida, da ma'aurata, da iyaye riƙe da jarirai, da samari cikin sabon ɗinki. Mutanen Bangui ne na kowane suna, a ranar da suka zaɓi su yi kyau. A ƙasar da gardamar wane ne ɗan ƙasa ta ci rayuka, kuma aka ƙone takardun ofisoshi da dama, waɗannan fuskoki shaida ce ta wanda yake zaune a birnin a zamanin Bokassa da bayansa. Ɗalibin da ya fahimci haka zai iya waiwayar garinsu, ya tambayi inda nagatif ɗin tsofaffin shagunan hoto na Sabon Garin Kano, ko na Tudun Wadar Zariya, ko na Maraɗi suka shiga tun da kyamarar zamani ta kashe kasuwar fim, da ko magadan masu shagunan sun san abin da ke cikin kwalayen da suke shirin zubarwa.

 Tsakanin 2015 da 2016 Fosso ya ɗauki fuskarsa sau 666 a wani jeri da ya kira SIXSIXSIX, babu ado, babu kwaikwayon kowa. An yi babban baje kolin aikinsa a gidan hotuna na Turai da ke Paris daga ƙarshen 2021, kuma a 2023 ya karɓi kyautar Deutsche Börse a Landan, shekara 48 bayan buɗe shagon.